Duwatsun da Na Cire a Dutsen Shamuwa

Wata bakwai na yi a zaune. Bakwai cif, tun ranar da ɗan kwangilar da nake bi muna shimfiɗa intalok a gidajen masu hali ya tattara ya koma Abuja, ya bar mu da "zan neme ku." Duk wanda bai taɓa zaman banza a unguwarmu Gyadi-Gyadi ba, kada ma ya ce mini ya san takaici. Da safe kowa ya fita, masu adaidaita sun fita, ɗaliban asibiti sun wuce da fararen rigunansu, kai kana kan benci a ƙofar gida kana amsa gaisuwar da ba ka so. Matata Ummukulsum ce ke soya awara a bakin layi, da ita muke ci. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Yayana kuma ya riga ya aiko daga ƙauye, cewa idan damina ta yi nisa ban sami abin yi ba, in kwaso iyali in dawo gona. Garin da na baro shekara goma sha ɗaya da suka wuce ina cika baki, shi zan koma da katifa ɗaya da buhun kwanuka. Ummu kuwa 'yar birni ce, haifaffiyar Darmanawa, ko riƙon fatanya ba ta iya ba. Saboda haka aiki nake nema ido rufe, kowane iri ne.

Sista Fiddausi ce ta kawo maganar. Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin koyarwa, tana haya a gidan da ke kallon namu, sun shaƙu da Ummu sosai. Ita da wasu abokan aikinta da ɗalibai suna da wata ƙungiya, duk Asabar su cika bas su tafi can kudu, gaba da Rano, su hau wani dutse da ake kira Dutsen Shamuwa. Haikin suke ce wa abin. Ni da na ji dariya ma na yi. Mutum da ƙoshinsa da lafiyarsa, ya biya mota a kai shi ya wahala!

"Ka daina dariya, Malam Zakariyya, aiki na samo maka," in ji ta. "Mai shirya mana tafiyar, Abdulmalik, yana neman wanda zai riƙa gyaran hanyar hawa. Akwai wani dattijo da yake yi, amma ƙarfinsa ya fara ja baya, ana so a haɗa shi da mai jini a jika. Na ce masa na san mutumin da ya iya shimfiɗa hanya. Ni na tsaya maka fa."

"Sista, in dai hanya ce ki bar ni da ita."

Da bakin nan nawa na faɗa, ba wani ne ya faɗa mini ba.

Asabar da sassafe muka taru a ƙofar ofishin Abdulmalik a Tarauni, wani ɗan shago ne da hoton dutse manne a jikin ƙofar. Abdulmalik matashi ne, ba zai girme ni ba, mai saurin magana, da wani agogo a hannu da aka ce yana ƙirga masa taku. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Yau gwaji ne," ya ce. "In aikinka ya yi mini, ranar Litinin ka zo nan mu ƙarasa magana. In bai yi ba, ba damuwa, kowa ya kama gabansa."

Na ce to, Oga. A cikin bas ɗin mutum ashirin da wani abu, kowa da jakarsa ta goyo da gorar ruwa, ana ta hira rabi Hausa rabi Turanci. Ni ina kujerar baya, diga da shebur a ƙarƙashin ƙafata, ina ta karanto duk addu'ar da na iya.

A gindin dutsen muka tarar da dattijon yana jira. Baba Audu sunansa, mutumin ƙauyen da ke ƙasan dutsen. Gajere ne busasshe, da takalmin taya da adda a hannu. Shekara goma sha huɗu yana kula da hanyar nan, tun lokacin da matan ƙauye masu ɗebo itace ne kaɗai ke binta, kafin 'yan birni su gano wurin, har Abdulmalik ya fara biyansa wani abu. Na gaishe shi, ya amsa, ya kalli hannuwana kafin ya kalli fuskata.

Muka fara hawa. Hanyar siririya ce, mutum biyu ba sa jerawa, hagu jikin dutse, dama gangare ne da ke sauka cikin wani kwazazzabo. Ba mu yi nisa ba na ga abin da ya tsone mini ido. Duk bayan taku ashirin ko talatin sai ka tarar da jerin duwatsu an binne su a gicciye, sun raba hanyar daga wannan gefe zuwa wancan, kawunansu sun leƙo sama kamar faɗin tafin hannu. Kuma ba a miƙe suke ba, a karkace. Ni fa mutumin intalok ne. A wajenmu bulo ɗaya ya ɗaga kai ya fi 'yan uwansa, to ranar ba ka da bakin magana a gaban maigida. Da igiya muke aiki, mu ɗaura, mu daidaita, har sai yaro zai iya gara kwalba a kai. Na ce a raina, wannan wane irin aikin ƙauyanci ne?

Ana cikin haka wata ɗaliba ta yi tuntuɓe da ɗaya daga cikinsu, saura kaɗan ta kifa.

"Baba, duwatsun nan naka sai sun karya wani wata rana," in ji Abdulmalik.

"Allah ya kiyaye," Baba Audu ya ce, bai ko waiwayo ba.

Abdulmalik ya juyo gare ni ya rage murya. "Ka ga dalilin da ya sa na ce a samo mini wanda ya san aiki."

Maganar nan ta shige ni, ta zauna daram.

Da muka kai wata tsamiya, Baba Audu ya tsayar da ni. Shi zai wuce da su har ƙololuwa, domin can sama hanya ta rarrabu, baƙo yana iya ɓata.

"Daga tsamiyar nan zuwa wancan dutsen mai tsaga," ya ce, yana nuna mini da adda. "Ka sare ciyawar da ta rufe hanya, ka share tsakuwar da ta zubo. Shi ke nan na yau. Sauran sai na sauko na nuna maka."

"To, Baba."

Suka wuce, muryoyinsu suka yi ta raguwa har na daina ji. Cikin awa ɗaya na gama ciyawa da shara. Na tsaya na dubi aikin, na ga ba abin da zai burge kowa a ciki. Sarar ciyawa? Ko akuya ta iya wannan. Litinin in je in ce wa Abdulmalik me? Sai idona ya koma kan duwatsun. Na ƙirga, layi tara ne tsakanin tsamiya da dutsen mai tsaga.

Na tofa yawu a hannu na ɗauki diga.

Kai, wanda ya binne duwatsun nan bai yi da wasa ba. Abin da ke sama kashi ɗaya ne, kashi biyu na cikin ƙasa, an cusa musu tsakuwa an danne. Kowane ɗaya sai na haƙa kewayensa, in sa bakin diga in ɓanɓaro shi, gumi na shiga mini ido. Ina yi ina mita, ina cewa tsohon nan ƙarfinsa ya tafi a banza. Ramukan da suka bari na cike su da ƙasa mai laushi, na daddaɓe da bayan shebur har ta yi sumul. Duwatsun kuma na jera su a gefen hanya, manya a ƙasa ƙanana a sama, tsaf, yadda muke jera ragowar bulo in mun tashi aiki don maigida ya ga ba mu yi ɓarna ba. Layi tara, tuli tara.

Wajen ƙarfe ɗaya na gama. Na haura dutsen mai tsaga na leƙo ƙasa, hanya ta miƙe fes babu abin da zai taɓa ƙafar mutum. Har hoto na ɗauka a waya zan tura wa Abdulmalik, sai na ga babu sabis. Na yi taimama na yi azahar, zuciyata fari tas.

Ina sallamewa na ga gabas ta yi baƙi.

Hadarin dutse ba irin na birni ba ne da zai ba ka lokaci ka kwashe shanya. Iska ta taso ta kwantar da ciyawa, tsawa ta fashe a saman kaina, kafin in tattara kayan aiki ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Na ruga na raɓe a cikin tsagar dutsen nan, inda iyakar aikina take. Daga wurin ina ganin hanyar ta sama da ban taɓa ba, ina kuma ganin ta ƙasa da na gyara.

Ta saman na fara lura da ita. Ruwa ya biyo hanya yana gangarowa, ya zo ya bugi jerin duwatsun Baba Audu, sai ya bi karkacewarsu ya fice ta gefe ya zube cikin kwazazzabo. Ɗan abin da ya taru a gaba, layi na biyu ya sake kore shi. Na uku haka. Ruwan bai taɓa samun damar yin ƙarfi ba, ana ta karya masa gudu.

Sai na juya na dubi tawa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk abin da ke zubowa daga jikin dutse ya faɗo kan hanyar, ba abin da zai tare shi, ya miƙe sambal yana ƙara yawa yana ƙara gudu. Hanyar da na yi alfahari da ita ta koma kwata, irin ta layinmu in an yi ruwan Agusta. Ƙasar da na cike ramuka da ita, a gaban idona ya lashe ta. Ramukan suka buɗe, ya ci gaba da cin bakinsu suna faɗaɗa, sannan jan ruwa ya rufe su ruf. Mai tafiya ba zai san akwai rami a wurin ba sai ƙafarsa ta faɗa.

Ashe ba ƙauyanci ba ne. Ni ne jakin, ni da na zo da igiyata daga birni.

Na fita a guje cikin ruwan, na ɗauko dutse ɗaya daga tulin farko na jefa a raminsa. Ruwa ya mirgina shi. Na sake ɗauko wani na danne da gwiwa, ya kuɓuce ya murƙushe mini yatsa, ban ko ji zafi ba sai da na ga jini. Abin da na yi awa uku ina tugewa da rana tsaka, ta yaya zan mayar cikin minti biyar a tsakiyar ruwa? Ban ma san yadda ake kafa su ba.

A lokacin ne na ji usur daga sama. Abdulmalik yana da wani usur da yake tara mutanensa da shi. Suna saukowa. Baba Audu ba zai bar su a ƙololuwa ana wannan walƙiya ba.

To, nan ne wurin da nake so a fahimce ni, ba don a yafe mini ba. Ina da lokaci. Daga jin usur ɗin zuwa isowarsu ya kai minti goma. Da na haura na tare su a dutsen mai tsaga na ce kowa ya tsaya, akwai ramuka a gaba, da ba abin da ya sami kowa. Amma sai an tambaye ni ramukan me, wa ya haƙa su. Idona ya sauka kan tulin duwatsun nan, a jere tsaf, manya a ƙasa ƙanana a sama. Ruwa ba ya jera dutse haka. Duk wanda ya gani ya san hannun mutum ne. Na tuna Litinin, na tuna benci, na tuna Ummu a gona.

Sai na sa ƙafa na tura tulin farko cikin kwazazzabo.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gangarawa, ina turawa da ƙafa da hannu, ƙarar ruwa da tsawa na rufe ƙarar faɗuwarsu. Tara duka. Na ciro waya da jiƙaƙƙen hannu na goge hoton. Sannan na juyo na fara hawowa ina ihu, "A hankali! Ku tsaya! Ruwa ya ci hanya!"

Sun riga sun shigo. Suna tafe a layi, kowa ya sunkuyar da kai, ruwa har idon sawu. Biyun farko Allah ya tsallakar da su. Ta uku Sista Fiddausi ce. Ina kallo ƙafarta ta dama ta nutse har gwiwa, jikinta ya ci gaba da tafiya, ƙafar ta tsaya. Duk da rugugin ruwan nan na ji ƙarar ƙashin, kamar an karya rake. Sannan ta yi wata ƙara da har yau in na tuna tsigar jikina sai ta tashi.

Wuri ya rikice. Wasu na salati, wata na kuka, Abdulmalik na ta cewa kowa ya tsaya inda yake. Allah ya sa rabin tafiyar ma'aikatan asibiti ne. Suka zaro ta, suka ɗaure ƙafar da sanduna biyu da ɗankwali. Baba Audu ya sauko daga baya, ya saro itace biyu dogaye, aka zura su cikin hannayen rigunan ruwa aka yi abin ɗauka. Ni na kama gaba. Ina taka ko'ina da sanin inda rami yake, ina cewa a bi ta nan, a kauce can. An yi an yi wani ya karɓe ni, na ƙi. Kafaɗata ta saɓule, yatsana na zubar da jini, ban ajiye ba har bakin bas.

"Wallahi mutumin nan namiji ne," na ji wani likita yana faɗa wa Abdulmalik. "Dubi yadda ya karanci hanyar, ranarsa ta farko fa."

Sau ɗaya na waiwaya muna cikin saukowa. Baba Audu ya tsaya a baya shi kaɗai, ya durƙusa a bakin ɗaya daga cikin ramukan, ya zura hannu cikin ruwan yana shafa gefensa. Bakin diga yana barin shaida a jikin ƙasa mai tauri, kowane lebura ya san haka. Ya ɗago kai, idonmu ya haɗu. Na yi sauri na juya.

Lahadi da hantsi Ummu ta matsa muka je dubiya. Ƙashin ya karye wuri biyu, an ce sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma za ta yi watanni ba ta taka ba. Tana kwance fuskarta ta faɗa, amma da ta gan ni sai ta yi murmushi.

"Malam Zakariyya, an ce kai ka sauko da ni. Allah ya saka da alheri. Na faɗa wa Abdulmalik kada ya kuskura ya sake ka."

Ummu ta dube ni tana jin daɗi. Na ce amin, na ce Allah ya ba da lafiya, na fita baranda na tsaya.

Litinin ƙarfe goma na isa ofishin Tarauni. Baba Audu ya riga ni. Ya biyo motar asuba daga ƙauyensu, ya sa farar riga irin ta Juma'a, yana zaune a kan kujerar roba hannuwansa a kan gwiwa. Na gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Abdulmalik kuwa ya cika ya yi fam. Tun Asabar wayarsa ba ta huta ba, mutane na ta ficewa daga ƙungiyar, iyayen ɗalibai na kiransa suna faɗa masa maganganu.

"Baba, ni ban iya kwana-kwana ba," ya ce. "Shekara nawa kana ce mini duwatsun nan suna tare ruwa? Mutane suna tuntuɓe ina haƙuri, saboda ka ce suna da amfani. Ga shi ruwa ɗaya ya kwashe su, ya bar mini ramuka, ya karya mini mutum. Me zan ce wa jama'a?"

"Alhaji," in ji Baba Audu a hankali, "shekara goma sha huɗu ruwa bai taɓa ɗaukar mini ko ɗaya ba. Na sama ma suna nan, ka gani da idonka."

"To na ƙasan aljanu ne suka kwashe?"

Fanka na juyawa a sama tana ƙara, wani mai adaidaita na ta danna hon a waje. Ni kuwa yatsan da na ɗaure da tsumma yana bugawa. Na ce a raina yanzu Baba Audu zai faɗa. Ya ga shaidar diga, ya san komai, kalma ɗaya ta ishe shi.

"Ni ina sama lokacin," ya ce. "Zakariyya ne a wurin. Shi ya gani."

Bai ce na yi ba, bai ce ban yi ba. Ya ajiye maganar a gabana kawai ya janye hannunsa. Abdulmalik ya juyo.

"Malam Zakariyya, me ka gani?"

Wallahi tallahi na buɗe baki da niyyar faɗar gaskiya. Na dubi dattijon, bai ma dube ni ba, ƙasa yake kallo.

"Ruwan ne, Oga," na ce. "Ina tsaye ina kallo ya tuge su ɗaya bayan ɗaya. Na yi ƙoƙarin tarewa, ka ga yatsana."

Har yatsan na ɗaga na nuna. Tir da ni.

Abdulmalik ya sauke numfashi ya jingina da kujera. Ya ce wa Baba Audu ya gode da shekarun da ya yi, amma shekaru sun ja, aikin ya fi ƙarfinsa, ya je ya huta. Ya ce ba da ɓacin rai ba ne. Ni kuma ya ce in fara ranar Laraba, hanyar gaba ɗaya a hannuna take, daga gindi har ƙololuwa. Ya miƙo mini hannu muka gaisa.

Baba Audu ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya ce, ya fita.

Hanyarmu ɗaya, shi zai nemi mota a bakin titin Zariya, ni zan shiga unguwa. Na so in tsaya a baya har ya yi nisa, sai na ga ya rage tafiya yana jirana. Muka jera har muka kusa shataletalen Gyadi-Gyadi. Na shirya wa zagi, na shirya wa Allah ya isa, har na shirya ya tara mini jama'a.

Ya tsaya a inuwar wani shago.

"Ranar Laraba in ka je," ya ce, "kada ka nemi sababbin duwatsu. Ka sauka kwazazzabon ka hawo da su ɗaya ɗaya, waɗancan na riga na sassaƙe musu fuska, suna zama da juna. Kashi biyu a cikin ƙasa, kashi ɗaya a waje. A karkace za ka jera su, ƙarshen da ya fi ƙasa ya kalli gangare. Kuma kada ka cike da ƙasa, da tsakuwa ake cikewa a danne. Kana ji na?"

"Ina ji, Baba."

"Ka fara da na saman, ka biyo ƙasa. Ka yi sauri kafin wani ruwan. 'Yan birni in sun ga dama su daina zuwa, amma matan garinmu ta nan suke saukowa da itace a ka."

"Baba," na ce. "Baba, ni..."

"Kana da iyali?"

"Ina da su."

"To."

Ya ɗaga hannu ya tsayar da adaidaitar da za ta kai shi inda zai sami mota, ya tattare farar rigarsa ya shiga. Bai waiwayo ba. Na tsaya a wurin ina kallon bayan adaidaitar har ta shige cikin motoci, ina jin da ma mari ya kwaɗa mini a gaban kowa.

Da na shiga gida Ummu na tsakar gida tana wanki. Ta miƙe da kumfa a hannu, ta kafe ni da ido, ta kasa tambaya.

"An ɗauke ni," na ce.

Ta yi guɗa har maƙota suka leƙo. Ta yi ta alhamdulillahi tana share hawaye da bayan hannu, ta ce yau sai ta kira Yaya da kanta ta faɗa masa ba inda za mu. Sannan ta janyo mini kujera, ta zauna a gabana a kan tabarma, ta ce in ba ta labarin yadda aka yi tun daga farko, kada in tsallake komai.

Na zauna na ba ta, irin wanda na ba Abdulmalik.